Faɗuwa Iri Biyu: Takobin Kokowa da Waɗanda Aka Bari a Bakin Fage

A ƙasar Nijar babu wasan da ya kama zukatan jama'a kamar kokowar gargajiya. Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, sanyin hunturu ya fara sauka, sai hankalin manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci ya koma wuri guda, wato gasar neman takobi. Daga Agiye zuwa Gazawa, daga Cadawa zuwa Gidan Runji, kwana goma cur rediyo ba ya rabuwa da kunne, kuma duk inda aka kafa talabijin a bakin kanti za a tarar da cincirindon mutane, kowa na jiran ya ji ko ƴan jahar Maraɗi nawa suka rage ba a kayar ba.

Hukumomi sun daɗe suna kiran wannan gasa dandalin haɗin kan ƴan ƙasa, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan kirari. Sai dai duk da'irar da aka zana a ƙasa tana da ciki, tana da waje. Abin da ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su tambaya shi ne, su wa aka shigar, su wa aka bari a tsaye suna tafi? Wannan sharhi yana duban gasar takobi a matsayin aikin al'ada da hukuma ta tsara, yana auna ta da dandalin ƙauye inda aka ɗauko ta, a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Runji. Abin da yake son nunawa ɗaya ne: daga cikin wasannin dandali masu yawa an zaɓi guda aka naɗa masa rawani, sauran kuwa, waɗanda a cikinsu ne ƴan mata da masu rauni suke da gurbi, an bar su ba sarauta, ba kasafi, ba mai kiɗa.

Abin da takobi ya cim ma

Kafin a yi suka, wajibi ne a ba kowa haƙƙinsa. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, shekara guda bayan Saini Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, lokacin da ƙasa ke fitowa daga fari da yunwa. Gwamnatin soja ta wancan zamani tana neman abin da zai haɗa kan jama'a ba tare da jam'iyya ba, sai ta farfaɗo da samariya, ta kuma ɗauko kokowa daga ƙauye ta kai ta birni. Wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, kuma sunansa filin kokowa na birnin Maraɗi yake ɗauke da shi. Saboda haka mutanen wannan jaha ba baƙi ba ne a tarihin gasar, da su aka aza tubalin farko.

Tsarin gasar yana da adalci irin nasa. Jahohi takwas ne, kowace tana kawo ƴan kokowa goma, su tamanin ke nan. Jaha mai yawan jama'a kamar Maraɗi ko Damagaram ba ta fi Difa ko Agadas yawan wakilai ba. Ana kuma zagayawa da gasar daga babban birnin wata jaha zuwa na wata, don kada Yamai ta riƙe kome. A cikin fage ba a tambayar mutum takardar makaranta, ba a tambayarsa ko ɗan wane ne, ba a ma raba ƴan wasa bisa nauyin jiki, ta yadda ƙaramin mutum mai dabara yakan iya kai ƙato ƙasa. Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu duk rairayi ɗaya suke takawa. A ƙasar da boko ya daɗe yana raba masu jin Faransanci da marasa ji, kokowa ta zama wuri ɗaya tilo da manomi marar boko yake tsayawa a gaban gwamna da minista, a sa masa babbar riga da rawani, a miƙa masa takobi da miliyoyin sefa. Wanda ya ga yadda sunan Kadiri Abdu na Doso, wato Isaka Isaka, ya game ƙasa bayan ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas, ya san cewa wannan ƙofa ce ta gaske da aka buɗe wa ɗan talaka.

Haka kuma ba masu ƙarfi kaɗai ke cin abinci a bakin fagen ba. Akwai makaɗa da maroƙa, akwai ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan kokowa don ba da dariya, akwai malamai da bokaye masu laya da guru, akwai masu sharhi a rediyo cikin harsunan ƙasa. Duk wanda ya ce gasar takobi ba ta haɗa mutane ba, bai yi adalci ba. Amma haɗin da ta yi na jahohi ne da ƙabilu da azuzuwan maza masu lafiya. Daga nan ta tsaya, kuma shekara hamsin ke nan tana tsaye a wurin.

Dandalin da aka ɗauko ta

A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba da na ƙasar Gobir, kokowa ba ita kaɗai take tafiya ba. Ɗaya ce daga cikin ƴaƴan dandali. Idan farin wata ya fito bayan girbi, samari suna gefe suna kokowa ko langa, wadda ake yi da ƙafa ɗaya, hannu na riƙe da ɗayar. Ƴan mata suna nasu gefen suna gaɗa. Da rana dattawa suna gindin itace suna dara a gurabe talatin, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu. Ƙananan yara suna wurin kakanni ana tatsuniya da kacici-kacici. Mahauta suna da dambensu, Fulani suna da sharo. Dandalin yana da shugabanni, sarkin samari da shugabar ƴan mata, masu kiran wasa da raba gardama. A fadar Tibiri kuwa akwai sarautar Inna, a ta Maraɗi akwai ta Iya, mata masu faɗa a ji a kan lamurran mata da bukukuwa. Ma'ana, wasa fage ne mai ɗakuna da yawa, kowane rukuni na jama'a da ɗakinsa.

Idan aka ɗora kokowa da gaɗa a sikeli ɗaya, za a ga wani abu da ya cancanci tunani. A cikin nau'o'in gaɗa akwai wanda ƴan mata ke yin rabin da'ira suna tafi suna waƙa, sai ɗaya ta fito tsakiya ta juya baya, ta saki jikinta ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta, wata kuma ta fito. A kokowa, faɗuwa ita ce ƙarshen magana: wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya fita daga neman takobi. A gaɗa, faɗuwa ita ce wasan kanta, kuma abin da ake gwadawa shi ne ko jama'a za su tare wanda ya faɗo. Wasa na farko yana tace mutane har a samu gwani ɗaya. Na biyu yana zagayawa har kowa ta samu nata juyi, doguwa da gajera, mai murya da marar murya. Al'umma tana buƙatar darussan nan biyu, ta san yadda ake fitar da gwani, ta kuma san yadda ake tare mai faɗuwa. Hukuma ta gina wa darasi na farko fili na siminti a kowane babban birnin jaha. Na biyu ba a ware masa ko inuwar bedi ba.

Wannan ba yana nufin dandalin jiya aljanna ba ne. Yana da nasa shingaye. Dambe ya daɗe ana ganinsa wasan mahauta, wanda ɗan gidan sarauta ko na malamai ba ya shiga. Makaɗi yana raya wasa amma ba kowane gida ke ba shi aure ba. Yaro gurgu ko mai farfaɗiya sau da yawa abin tsokana ne, kuma akwai waƙoƙin yara da ke yi wa naƙasa dariya. Duk wanda ke kiran a koma ga al'ada dole ya faɗi wace al'ada yake nufi, domin a cikin rumbun gargajiya akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Abin da ake cewa kawai shi ne, dandali ya fi filin takobi yawan ƙofofi, kuma da aka tashi zamanantar da wasa, maimakon a ƙara ƙofofin sai aka rage su.

Ƴan mata: wasan da aure ke yankewa

Matsalar ƴa mace da wasa a wannan yanki ba daga filin kokowa ta fara ba, daga ƙarancin shekarun ƙuruciya ta fara. Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Gaɗa wasan budurwa ce, ranar da aka sa wa yarinya lalle ranar ta yi ban kwana da dandali. Ɗan kokowa yana iya shekara ashirin yana shiga fage, yana da mata da ƴaƴa, ba mai cewa ya yi abin kunya. Ita kuwa ƴar gaɗa, komai gwanintarta, shekarunta na wasa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Tun kafin auren ma, lokacin da ɗan'uwanta ke buga ƙwallo bayan an tashi daga makaranta, ita tana bakin rijiya, ko tana daka, ko tana ɗauke da farantin talla.

Dandalin kansa ya yi ta ƙanƙancewa. Wa'azi ya yi tasiri a kan wasan dare da ke haɗa maza da mata. Tun daga shekarun 1990 samari suka sami fada, inda suke shan shayi suna karta suna sauraron kiɗa, daga baya gidajen kallon ƙwallo da wayar salula suka ƙaru. Duk waɗannan wuraren maza ne. Da dandali ya mutu, samari sun sami magajinsa, ƴan mata ba su samu ba. Kuma tarihin jahar ya nuna yadda batun fitowar mace a bainar jama'a ke da zafi: a watan Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a birnin Maraɗi, inda aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Malamin da ke son kafa ƙungiyar wasa ta ƴan mata a Gazawa ko Tibiri ba zai yi kamar bai san da wannan tarihi ba.

A nan masu neman gyara sukan rabu biyu. Wasu suna cewa a buɗe wa mata kokowa kanta, suna kafa hujja da ƙasar Sanagal, inda matan Jola na Kasamansa ke kokowa tun kaka da kakanni, inda kuma Isabelle Sambou ta fito har ta wakilci ƙasarta a wasannin Olamfik na 2012 da 2016, ta riƙe mata tuta a Riyo. Wasu suna cewa wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa, kuma iyaye ba za su yarda ba. Kowane ɓangare yana da abin dubawa. Yarinyar da ke da sha'awar gudu ko ƙwallo ko taikwando, bai kamata a rufe mata ƙofa don ita mace ce ba, kuma ana iya shirya wasan da sutura mai mutunci, da malama mace, da rana tsaka, a harabar makaranta. Amma kuskure ne a ɗauka cewa daidaito shi ne mace ta yi abin da namiji ke yi kawai. Muddin wasan maza ne kaɗai ke da takobi, to ko an shigar da mata goma cikinsa, an bar dubbai a waje, an kuma tabbatar musu cewa abin da iyayensu mata suka iya ba shi da daraja. Nijar ta kafa dokar kason mata a muƙaman zaɓe da na naɗi tun shekarar 2000, amma tunanin kaso bai taɓa isa ga kuɗin da ake kashewa a kan nishaɗi ba.

Naƙasassu: darasin Tibiri

Babu inda batun naƙasa ya fi kusa da ido kamar gundumar Gidan Runji. A garin Tibiri, kilomitoci kaɗan daga Maraɗi, ruwan famfo da aka fara sha daga wata rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima. Shekara da shekaru yara suna sha, haƙoransu suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe, har abin ya shafi dubban yara. A shekarar 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kan lamarin. Waɗannan yara yanzu magidanta ne da iyaye mata. Sun tashi a garin da ke jin gangar kokowa daga Maraɗi, a cikin al'adar da ke auna namiji da ƙarfin ƙafa da ƙugu. Ba su da laifi a abin da ya same su, amma babu wani fage da aka shirya domin su. Idan aka haɗa su da waɗanda shan inna ya kama, da makafi, da kurame, da waɗanda suka warke daga kuturta a asibitin Danja, za a ga cewa ba ƴan tsiraru ake magana a kai ba.

A takarda, ƙasa ta yi alkawari. Akwai dokar 1993 a kan kare naƙasassu, akwai ta 2019 a kan shigar da su cikin al'umma. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 30 ya ambaci al'adu da nishaɗi da wasanni ƙarara. Tun 2004, a birnin Atan na Girka, ƙasar ta fara tura ƴan wasa gasar naƙasassu ta duniya. Sai dai tsakanin takarda da harabar makarantar ƙauye akwai tafiya mai nisa. Abin da aka saba gani a darasin motsa jiki shi ne a yafe wa yaro mai naƙasa, a ce ya zauna a inuwa ya tsare wa ƴan ajinsu takalma. Malamin yana ganin tausayi ya yi. Yaron kuwa abin da ya koya shi ne, idan ana rabon farin ciki shi mai gadi ne. Yafewa irin wannan kora ce cikin ladabi.

Al'adar Hausa ta san naƙasassu a matsayin jama'a mai tsari, shi ya sa ake da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare. Amma tsarin ya fi karkata ga bara da sadaka, wato ga hannun da ke karɓa. Misalin da ke nuna cewa ana iya juya wannan yana nan kusa, a tsallaken iyaka. A 1988 wani Bakano da shan inna ya kama, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, inda ƴan wasa ke zama a kan katako mai ƙafafun taya suna buga ƙwallo da hannu. Abin da ake yawon bara da shi a titi, shi ya zama kayan wasa, kuma wasan ya bazu a jihohin Nijeriya har ya ƙetara iyakarta. A wasannin Landan na 2012, ƴan wasan Nijeriya masu lafiya sun koma gida ba lambar yabo ko ɗaya, naƙasassunta kuwa suka kawo 13, shida daga ciki na zinariya. Ba ƙarfi ne ya yi ƙaranci ba, fage ne.

Kuma ba sai an jira keken guragu na tsere daga Turai ba. Dara ba ta tambayar ƙafa. Makaho yana iya lalubar gurabe ya bambanta tsinke da dutse. Kurma yana kokowa, yana gudu, yana langa, in dai alƙali zai ɗaga ƙyalle maimakon busa usur. Kacici-kacici da karin magana da waƙa fagage ne da makafi suka daɗe suna ba masu ido kashi. Kayan aikin duk suna nan a ƙauye, abin da babu shi ne wanda zai ce wannan ma gasa ce, ga alƙali, ga kyauta.

Baƙo da makiyayi

Akwai rukuni na uku da ba a cika tunawa da shi ba. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da da yawa daga cikinsu a gundumar Gidan Runji, a wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Harshensu ɗaya da masu masaukinsu, wasanninsu ɗaya, sau da yawa ma dangi ne. Gasar takobi an gina ta a kan wakilcin jaha da ƙasa, saboda haka ba ta da gurbin ɗan gudun hijira. Dandali kuwa ba ya tambayar katin ɗan ƙasa. Yarinyar da ta baro ƙauyensu da dare tana iya shiga da'irar gaɗa a ranar da ta iso, a tare ta kamar kowa.

Haka batun yake ga ƴaƴan makiyaya. Rashin tsaro ya sa zargi ya yi yawa tsakanin manomi da Bafillace, kuma yaran da ba su taɓa wasa tare ba su ne manyan da ke saurin gaskata mugun labari a kan juna. Wasan barkwanci da ke tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, ba a littafi ake koyonsa ba, a wurin wasa ake koyonsa. Inda aka daina haɗuwa, taubasantaka takan zama labari.

Abin da Ɗan Saga ya koyar

Gundumar Agiye tana da wani misali da ba na wasa ba, amma yana da amfani ga wasa. A ƙauyen Ɗan Saga da maƙwabtansa, manoma sun yi suna wajen sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana kula da shi har ya girma. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne kwamitocin sa ido da ƙauyukan suka kafa, waɗanda aka sa mata da matasa da makiyaya a cikinsu, domin an gane cewa dokar da aka yi ba da mai ɗebo itace da mai kiwo ba, ba za ta kai baɗi ba. Ba a shuka sabon abu ba, abin da ke da saiwa a ƙasa aka bari ya tofo. Gaɗa da langa da dara kututture ne masu rai. Haka kuma a jahar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, waɗanda suka nuna cewa matan ƙauye suna iya tara kuɗi, su tsara doka, su bi ta, ba tare da wani ya tsaya a kansu ba.

Daga nan ana iya fitar da shawarwari da ba su fi ƙarfin makaranta ko ƙungiya ba. Na farko, duk lokacin da ake zaɓen ƴan kokowa a matakin komin ko gunduma, a haɗa shi da gasar gaɗa da langa da dara, a rana ɗaya, a fili ɗaya, da makaɗa ɗaya, kuma hannun da ya miƙa wa ɗan kokowa kyauta shi zai miƙa wa sauran. Daraja daga idon jama'a take fitowa, wasan da aka tura bayan fili da hantsi an riga an yanke masa hukunci. Na biyu, kwamitin shirya wasa ya ƙunshi mata da wakilin naƙasassu da na makiyaya da na baƙi, su kasance masu yanke shawara a kan kuɗi da lokaci, ba masu dafa abinci da share fili kawai ba. Na uku, malamin motsa jiki ya ɗauki ƙa'ida cewa ba yaron da zai tsare takalma: idan wasan bai karɓi yaron ba, a gyara dokar wasan. Na huɗu, malaman harshe su sa ɗalibai su tattaro waƙoƙin gaɗa da dokokin wasanni daga bakin kakanninsu mata, a rubuta su da Hausa, a tattauna a aji waɗanne ne ke raya zumunci, waɗanne ne ke yi wa naƙasa ko wata ƙabila izgili. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, irin wannan aiki ya ƙara zama wajibi, tare da kula da cewa Fulatanci da Buzanci su ma suna da wasanninsu a wannan yanki. Na biyar, a nemi malaman addini da iyaye tun daga farko, a zauna da su a kan lokaci da wuri da sutura, domin wasan da aka kafa a bayan idonsu ba zai wuce shekara ba.

Wani zai ce ƙauyen da ke fama da yunwa da ajin zana ba shi da lokacin wannan magana. Amsar ita ce, a shekarar da aka fara gasar takobi ƙasa ba ta gama share hawayen fari ba, amma shugabanni suka ga cewa wasa na cikin abin da ke tayar da al'umma. Yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta sa hutu da wasa a sashenta na 31 a jere da sauran haƙƙoƙi, ba a matsayin ragowar tuwo ba.

Kammalawa

Gasar takobi ta cancanci yabon da ake yi mata, kuma babu mai hankalin da zai nemi a rage mata armashi. Ta tabbatar da cewa abin da aka haifa a ƙauye yana iya zama abin alfaharin ƙasa. Laifinta shi ne ta tsaya ita kaɗai, har jama'a suka ɗauka cewa wasa shi ne maza tamanin a cikin da'ira, sauran miliyoyi a kan benci. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da za a ga budurwa daga Gangara, da gurgu daga Tibiri, da yaron da ya yi hijira zuwa Garin Kaka, kowannensu an kira sunansa a lasifika, an buga masa ganga, ya shiga fage da ƙafarsa ko da kekensa, ranar ce kirarin haɗin kan ƴan ƙasa zai cika. Wannan aiki kuwa ba a Yamai za a fara shi ba, a harabar makaranta da ƙofar mai gari za a fara shi.